Iya Traoré: ɗan Gine da ya mai da wasa da balo sana'a a birnin Paris

Masu bin shafukan Facebook da TikTok da dama sun taɓa cin karo da wannan bidiyo: wani saurayi baƙar fata yana hawa turken fitilar titi, da bik a bakinsa, ƙwallo kuma na juyawa a kan tsinin bik ɗin, ga birnin Paris shimfiɗe a bayansa, ga ɗaruruwan mutane zaune kan matakala suna tafi. A fadojin matasa na Zariya, Ali Ɗan Sofo ko Bagalam, irin wannan bidiyo kan jawo gardama har shayi ya huce. Wasu su ce haɗin kwamfuta ne, wasu su ce akwai asiri a ciki. Gaskiyar magana mutumin yana nan da ransa, sunansa Iya Traoré, kuma abin da yake yi sana'a ce mai dokoki da gasanni da zakarun duniya. Sanin tarihinsa na da amfani a gari irin Maraɗi, inda yara da yawa ke mafarkin cin abinci da ƙafarsu.

Wane irin wasa ne wannan?

Sunan da aka san shi da shi a duniya shi ne firistayil, ma'ana wasan da mutum ke sarrafa ƙwallo yadda ya ga dama. Babu raga, babu gola, babu mutum goma sha ɗaya. Mutum guda ne da ƙwallo guda. Abin da ake so shi ne ya riƙe ta a jikinsa ko a sama, ya yi ta nuna gwaninta da ƙafa, gwiwa, ƙirji, kafaɗa, wuya da kai, ba tare da ta kufce masa ba.

Tushensa shi ne abin da kowane yaron da ya taɓa buga balo ya sani, wato jongilaj, inda ake ƙirga yawan taɓawa kafin ƙwallo ta faɗi ƙasa. Masu firistayil sun ɗauki wannan ɗan wasa na ɗumama jiki suka faɗaɗa shi, suka kasa shi kashi-kashi. Akwai wasan ƙafa a tsaye, wanda shahararren salonsa shi ne mutum ya ɗaga ƙwallo ya kewaya ta da ƙafarsa kafin ta sauko. Faransawa na kiran wannan salo kewaya duniya. Gwanaye na iya kewaya ta sau biyu ko sau uku a ɗagawa ɗaya. Akwai wasan sama, inda ƙwallo ke yawo tsakanin goshi, kafaɗa, ƙeya da ƙirji. Akwai wasan zaune ko kwance, inda ake amfani da tafin takalmi da ƙwauri. Akwai kuma na ƙasa, wanda ƙwallo ke birgima ƙarƙashin ƙafa kamar mai shirin yanke abokin karawa. Wasu na haɗawa da alkafura, tsayuwa da hannu ko rawa.

Daga ƙauyen Gine zuwa Paris

An haifi Iya Traoré a shekarar 1986 a ƙasar Gine mai babban birni Konakiri. Ya taso kamar sauran yaran Afirka ta Yamma, wasan ƙwallo a fili mai ƙura, da kowace irin ƙwallo aka samu. A shekarar 2000, yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya isa birnin Paris.

Burinsa na farko shi ne irin na kowa: ya zama ɗan wasan da ake biya. Ya shiga ƙungiyoyin matasa na birnin, ya taka leda a Paris FC, har ya kai ga matasan Paris Saint-Germain, wato PSG, ƙungiyar da ta ci kofin zakarun Turai a 2025. Ga yaron da ya fito daga karkarar Gine, wannan kaɗai babban mataki ne. Sai dai hanyar ba ta ɓulle da shi zuwa babbar ƙungiyar ba. Haka abin yake ga mafi yawan yaran da ke shiga cibiyoyin horo a Turai: ana ɗaukar su da yawa, amma kaɗan ne ke sa hannu a kwantiragi. Saura sukan koma makaranta, ko neman aiki, ko zaman takaici.

Abin da Iya ya yi shi ne ya duba abin da ya fi kowa iyawa. Tun yana cikin ƙungiya, ƙwallo na jin maganarsa. Ya fita da ita titi, ya riƙa nuna gwaninta a dandalin da jama'a ke taruwa. Kwana a tashi ya gano cewa abin da abokan wasansa ke ɗauka a matsayin nishaɗin kafin atisaye na iya tsayar da mai wucewa, ya sa shi ya sa hannu a aljihu.

Dandalin Montmartre

Wurin da ya yi masa suna shi ne tudun Montmartre, a gunduma ta 18 ta Paris. Tudu ne mai tsawon kimanin mita 130, a kansa akwai babbar majami'ar nan fara mai suna Sacré-Coeur. Daga nan ana hango birnin kusan gaba ɗaya, shi ya sa miliyoyin ƴan yawon buɗe ido ke hawa wurin a kowace shekara. A gindin tudun ta gabas kuma akwai unguwannin Barbès da Château-Rouge, inda ƴan Afirka ke da kasuwa da shaguna. Duk ɗan Nijar da ya je Paris ya nemi kuɓewa ko busasshen kifi, ya san yankin.

Iya ya zaɓi kan wani ɗan ginshiƙin dutse da ke bakin matakalar gaban majami'ar. Wuri ne matsattse, ga gangare a bayansa. Matakalar ta zame masa kujerun ƴan kallo, birnin ya zame masa labule. Yakan fara da wasan ƙafa da na kai a tsaye, ya zauna, ya kwanta, ya tashi, duk a kan ginshiƙin. Sai ya juya ƙwallo ya ɗora ta a kan tsinin bik ɗin da ya ciza a baki. Daga nan ya nufi turken fitilar da ke gefe, ya hau da ƙarfin hannu da ƙafa har kusa da ƙarshe, ya riƙe turken da hannu, ya saki jiki a iska yana motsa ƙafafu kamar mai tafiya, ƙwallo na nan tana juyawa. Idan ya sauko, masu kallo su ajiye masa abin da ya sawwaƙa.

Masu kallon nan ne suka yi masa talla kyauta. Kowa ya ɗauki bidiyo ya koma da shi ƙasarsa, ya sa a intanet. Ta haka sunansa ya kai Amurka, Asiya da Afirka ba tare da wata ƙungiya ko wani dillali ya tsaya masa ba. Ya fito a shirin nan na neman masu baiwa na tashar talabijin ta M6 ta Faransa, sunansa ya shiga kundin bajinta na Guinness, aka riƙa gayyatar sa wasanni da bukukuwa a ƙasashe daban-daban.

Me ke hana ƙwallon faɗuwa?

Ga masu cewa asiri ne, amsar na cikin wasan da yaran Hausa suka daɗe da sani, wato murza katantanwa. Muddin tana juyawa da sauri tana tsaye a kan tsininta, da zarar juyin ya yi sanyi sai ta fara layi ta faɗi. Haka ƙwallo take a kan bik. Abin da ke juyawa da sauri yana ƙin karkata, don haka mai wasa ke samun ɗan lokacin gyara tsayuwarsa. Aikinsa shi ne ya tabbata tsinin na daidai ƙarƙashin tsakiyar ƙwallon, ya kuma ƙara mata juyi kafin ta gaji.

Ɗora ƙwallo a goshi kuma ya yi kama da ɗaukar tulu ba gammo. Macen da ta saba ɗauko ruwa ba ta tsayar da wuyanta ƙiƙam, tana bin kayan ne da ɗan motsi wanda ido ba ya gani. Mai firistayil ma haka yake: idan ƙwallo ta karkata hagu, sai ya bi ta hagu ya shiga ƙarƙashinta. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, ido a kan ƙwallo.

Ƙwallon da ake amfani da ita ita ce ta manya, lamba 5, mai nauyin giram 410 zuwa 450, kewayenta santimita 68 zuwa 70. Masu wasan da yawa na rage mata iska kaɗan don ta rage tsalle, suna kuma zaɓen takalmi mara nauyi mai shimfiɗaɗɗen sama. Sauran sirrin maimaici ne. Salo ɗaya na iya cin makonni ko watanni kafin ya zauna, kuma hawa turke da hannu na bukatar ƙarfin kafaɗa da na ciki irin na ɗan kokowa.

Asalin wasan da manyan gasanninsa

Wasa da ƙwallo don burge jama'a ya girmi intanet. Ɗan Italiya Enrico Rastelli, wanda ya rasu a 1931, ya yi suna a gidajen wasa na Turai da sarrafa ƙwallaye a kai da ƙafa da kan sanda a baki. Abin da Iya ke yi da bik na da dangantaka da wannan tsohon salo. A fagen ƙwallon ƙafa kuma, har yau ana kallon hoton Diego Maradona yana ɗumama jiki a birnin Munich na Jamus a watan Afrilun 1989, kafin wasan Napoli da Bayern, yana wasa da ƙwallo a kafaɗa da gwiwa, igiyar takalmi a kwance. Wani ɗan Koriya ta Kudu da ake kira Mista Woo ya shahara da riƙe ƙwallo da kai na tsawon sa'o'i ba ta faɗi ba.

A farkon shekarun 2000, tallace-tallacen kamfanin Nike da ɗan Birazil Ronaldinho suka sa matasa kwaikwayo. Zuwan YouTube a 2005 ya kammala aikin: yaro a ɗakinsa na iya kallon Soufiane Touzani, ɗan Holand mai asalin Maroko, ya tsayar da hoton, ya maimaita, ya koyi salon, ya ƙara nasa.

Gasar duniya ta farko da ta yi tashe ita ce Red Bull Street Style, wadda aka yi a birnin Sao Paulo na Birazil a 2008. Bafaranshe Séan Garnier ne ya lashe ta. A 2010 aka kawo ta Afirka, a birnin Cape Town, shekarar da Afirka ta Kudu ta karɓi kofin duniya. A 2012 a Italiya aka buɗe ɓangaren mata, Kitti Szász ta ƙasar Hangari ta zo ta ɗaya. Bayanta Bafaranshiya Mélody Donchet ta ci kambin fiye da sau ɗaya. Akwai kuma gasar Super Ball da ake yi a Jamhuriyar Cek, wadda ƙofarta ke buɗe ga duk mai son shiga. Ƙungiyar duniya mai kula da wasan, WFFA, an kafa ta a 2017.

Tsarin karawar mai sauƙi ne. Mutum biyu ke shiga fage, minti uku, kowa na da juyi uku na daƙiƙa talatin-talatin. Alƙalai na duba wuyar salon, tsabtar aiki, sabon abin da mutum ya zo da shi, yadda ya haɗa sassan wasan da yadda ya bi kiɗa. Wanda ƙwallo ta yawaita kufce masa, makinsa na raguwa.

Ya kamata a bambanta hanyoyi biyu. Akwai ƴan gasa masu neman kambi, akwai masu wasan dandali masu neman ƴan kallo. Iya Traoré ya fi shahara a hanya ta biyu. Sunansa ya fito ne daga titi, kuma abin da yake sayarwa shi ne wasan da ko wanda bai san ƙwallo ba zai tsaya ya kalla.

Rabon Afirka

Maƙwabciya Najeriya ta fara shirya gasar ƙasa a birnin Legas a 2017, ta hannun wani kamfani mai suna Feet 'n' Tricks, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa gasar Afirka a 2018. Ɗan Kodibuwa Abdoul Titi Koné na cikin waɗanda suka yi fice a gasar ta nahiya. A ɓangaren mata, Rasheedat Ajibade ta ci gasar Najeriya tun tana matashiya. Daga baya ta tafi Turai ta buga wa Atlético Madrid, ta zama kyaftin ɗin ƙungiyar matan Najeriya da ta ɗauki kofin Afirka a Maroko a watan Yulin 2025. Labarinta na nuna cewa firistayil ba ya hana mutum zama ɗan wasan fili, yana ma iya ƙara masa iya taɓa ƙwallo.

A watan Agustan 2023 wani ɗan Najeriya, Tonye Solomon, ya hau matakala 150 na turken gidan rediyo a jihar Bayelsa da ƙwallo a kansa, kundin Guinness ya amince da bajintar.

Ga ƙasashe masu amfani da Faransanci akwai wata ƙofa: wasannin Farankofoni, waɗanda Yamai ta karɓi baƙuncinsu a watan Disamban 2005. Tun daga zagayen birnin Nice a 2013 aka sa sarrafa ƙwallo cikin gasannin al'adu, aka ci gaba a Abijan a 2017 da Kinshasa a 2023. Sai dai Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar Farankofoni a watan Maris na 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Ke nan matasan ƙasar masu sha'awar wasan za su fi dogara da gasannin nahiya, da waɗanda ake shiga ta hanyar aika bidiyo, da kuma abin da za a iya shiryawa a cikin gida.

Ina kuɗin ke fitowa?

Mai firistayil ba shi da albashin wata kamar ɗan wasan ƙungiya. Kuɗinsa na zuwa ta hanyoyi huɗu ko biyar: abin da ƴan kallo suka bayar a titi, ladan wasa a biki ko lokacin hutun rabin lokaci a filin ƙwallo, kwantiragin talla da kamfanoni, koyar da yara, sai kuma abin da shafukan intanet ke biyan mai tarin mabiya. Kyautar gasa ba ta ciyar da kowa sai ƴan ƙalilan na sama.

Lissafin titin Paris ya bambanta da na nan. Yuro ɗaya daidai yake da kusan sefa 656, don haka ɗan yawon buɗe ido da ya jefa ƙwandalar yuro 2 ya ba da fiye da jika ɗaya. Amma kuɗin haya da na abinci a Paris ma da yuro ake biya. Ga sanyin hunturu da ruwan sama da ke korar ƴan kallo, ga dokokin birni a kan wasa a wuraren jama'a. Lokacin annobar korona, da Faransa ta rufe mutane a gida daga 17 ga Maris zuwa 11 ga Mayun 2020, ƴan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, duk masu cin abinci a dandali suka wayi gari babu ciniki.

Akwai kuma batun lafiya. Jiki shi ne jarin mai wannan sana'a. Gwiwa, idon sawu, ƙugu da wuya su ne suka fi shan wahala saboda maimaita motsi ɗaya sau dubbai. Wanda ke hawa turke kuwa, zamewa ɗaya na iya kawo ƙarshen komai, kuma mai wasan titi ba shi da likitan ƙungiya. Shekaru ma na da nasu hukunci: abin da ɗan ashirin ke yi cikin sauƙi, ɗan arba'in sai da shiri. Shi ya sa masu hangen nesa a cikinsu ke buɗe makarantun koyarwa ko wata sana'ar tun suna kan ganiyarsu.

Abin da ya shafi Maraɗi

Maraɗi gari ne na ƙwallo. Ƙungiyoyi irin su Ɗan Kasawa da Jangwarzo sun wakilci jihar a gasar ƙasa, kuma a watan Fabrairun 2019 filin wasa na birnin ya karɓi wasannin kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20, wanda Mali ta ɗauka. Tun lokacin da Mena ta je kofin Afirka a 2012 da 2013, yara suka ga cewa ɗan Nijar ma na iya fita waje ya taka leda, kamar yadda Musa Maazu ya yi. Da la'asar kowane fegi da ba a gina ba, daga cikin birni har Tibiri da Jiratawa, ya zama fili.

Matsalar ita ce ƙofar da duk suke hari ƙarama ce. Wannan ne ke ba ƴan damfara dama su zo wa iyaye da alƙawarin kai yaro gwaji a Turai, a sayar da gona ko dabbobi a biya, ƙarshe yaron ya tsinci kansa a wata ƙasa ba ƙungiya, ba takardu. Ya kamata iyaye su san cewa dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata don buga ƙwallo, sai a wasu ƴan sharuɗɗa ƙayyadaddu. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya kai ɗan shekara 15 wata ƙungiyar Turai, a bincike shi wurin hukumar FENIFOOT kafin a ba shi ko dala. Labarin Iya Traoré darasi ne ta wannan fuska: ya riga ya isa Paris, ya sa rigar matasan PSG, duk da haka babbar ƙofar ba ta buɗe masa ba. Abin da ya fisshe shi shi ne wata gwaninta da ya gina da kansa.

Firistayil na da sauƙin farawa fiye da yawancin wasanni. Ba ya bukatar fili, ko riguna, ko mutum ashirin da biyu. Ƙwallo ɗaya da ɗan wuri mai daɓe ko siminti sun isa, sai salular da za ta ɗauki hoto. Yaron da ke zaune a Jiratawa na iya koyon salo ɗaya da wanda ke Tokyo a rana ɗaya, kuma alƙalin gasar bidiyo ba ya tambayar unguwar da aka ɗauki hoton.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa mutum ya ci abinci da gwanintar jikinsa a dandali. Ƴan hoto na jefa garma sama su cafe, ƴan tauri da gardawa na tara jama'a ranar kasuwa ko ranar hawan salla, ƴan kallo na yi musu kari. Kokowa ta nuna yadda wasan dandali ke zama abin alfaharin ƙasa idan aka tsara shi: an fara gasar takobi a Tawa a 1975, ɗan Maraɗi Yakuba Kantu ya ɗauke ta, yau filin kokowar birnin na ɗauke da sunansa. Abin da ya ɗaga kokowa shi ne tsari, wato lokaci sananne, alƙalai, kyauta da masu ɗaukar nauyi. Ƙaramar gasar sarrafa ƙwallo a gidan matasa, ko a harabar makaranta lokacin makon al'adu, ko minti goma na hutun rabin lokaci a filin wasa, ba ta cin kuɗi mai yawa. Kamfanonin salula da manyan ƴan kasuwar garin, waɗanda dama ke sa kuɗi a kokowa da gasannin hutu, na iya samun wurin talla a ciki.

Sai dai a faɗi gaskiya: Maraɗi ba ta da ƴan yawon buɗe ido irin na Montmartre. Wanda ya ce zai ajiye karatu ko sana'a ya dogara da karin ƴan kallo, zai sha wuya. A nan, wasan ya fi dacewa ya zama ƙari a kan wani abin: ɗalibi ya yi shi bayan lakwal, tela ko mai gyaran babur ya yi shi bayan ya rufe shago, har ranar da ya fara kawo abin da za a iya lissafawa.

Ga mai son farawa, da iyayensa

Masu koyar da wasan sun yi ittifaƙi a kan cewa jongilaj ne harsashi. Sai yaro ya iya riƙe ƙwallo da ƙafar dama da ta hagu ba tare da wahala ba kafin ya nemi kewaya ta. Bayan nan ya koyi tsayar da ita a kan ƙafa, a goshi da ƙeya. Atisaye kaɗan kullum ya fi na yini guda a mako. A garin da zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, lokacin da ya dace shi ne sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwan sha a kusa. A ɗumama jiki kafin a fara, a dakata idan gwiwa ta fara ciwo.

Babban gargaɗi shi ne batun hawa turke. Turken da Iya ke hawa na fitilar ado ne, kuma ya shafe shekaru yana gina ƙarfin da yake hawa da shi. Turakun da ke titunan Maraɗi da yawa na ɗauke da wayoyin lantarki. Yaron da ya kwaikwayi bidiyo ya hau irinsu yana wasa da ransa ne. Haka ma wasa a bakin kwalta, inda ƙwallo ke iya kufcewa yaro ya bi ta gaban kabu-kabu ko babbar mota.

Iyaye da malamai na da damuwar da ta dace a saurara: kada wasa ya cinye lokacin salla da na karatu, kada neman mabiya a intanet ya kai yaro ga abin da bai kamata ba, kada a kwaikwayi shigar da ba ta dace da garin ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin dokar wasan. Ana yin sa da cikakkiyar sutura, ana yin sa a tsakar gida, wanda hakan ke ba ƴan mata ma dama. Uban da ya ga ɗansa na da wannan baiwa zai fi cin riba idan ya sa masa lokaci da sharaɗi, ya kuma nemi ganin sakamakon makaranta tare da bidiyon.

Iya Traoré ya bar Gine yana yaro da burin da miliyoyin yaran Afirka ke da shi. Burin bai cika yadda ya zata ba, amma ƙwallon da ya riƙe ta ciyar da shi, ta kai shi ƙasashen da wasu ƴan wasan ƙungiya ba su taɓa takawa ba. Hausawa na cewa sana'a sa'a, amma wanda ya ga yawan shekarun da ke bayan wannan bidiyo na minti biyu zai san cewa sa'ar ta tarar da shi yana atisaye.